Safar Hannu a Kan Maƙaryaciya

Shekara tara ana kirana Hanci a tashar nan, har sunan da ubana ya raɗa mini ya kusa ɓacewa. Ba don girman hancin ba ne, ko da yake ba ƙarami ba ne. Don abin da yake ji ne.

Aikinmu loda amoniya a jirgin ruwa. Can baya a kan tudu masana'anta take, kewaye da allunan sola iya ganin ido da manyan fankoki da iska ke juyawa. Da wutar da suke bayarwa ake sarrafa ruwan teku da iskar sama a fitar da amoniya, ba a ƙona mai ko ɗigo ba. Haka Injiniya, matar da ke kula da injinan tashar, ta bayyana mana. Ni a aji huɗu na bar makaranta, iyakar abin da na riƙe ke nan. Masu saye a ƙetare suna taki da ita, wasu jiragen ma ita suke sha maimakon baƙin mai, kuma abin da ya sa suke rububinta shi ne wata takarda da ke bin kowane lodi, mai shaida cewa babu hayaƙi a jikin kayan. Kaya mai tsabta, in ji su. Tsabtarta ba ta hana ta kisa. Ruwa ce mai sanyin da ya wuce ƙanƙara, in ta sami ƙofa ta fito sai ta zama farin hazo, kuma duk inda ruwa yake a jikin mutum nan take nema: ido, maƙogwaro, huhu.

Daga tankuna bututu ya bi wata doguwar gada har cikin teku. A ƙarshen gadar akwai hannun ƙarfe mai gaɓoɓi da muke maƙalawa a cikin jirgi. Mu tara ne a wurin. Wanda ke tsayawa daidai ƙarƙashin hannun yana lura da mahaɗa shi ne ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa arba'in da ɗaya, 'ya'yansa huɗu, amma har yau Auta muke ce masa. Ni na kawo shi aikin.

Akwai na'urori shida a gadar masu shinshinar iska. In ɗaya ta ji amoniya sai ta yi kuka, famfuna su tsaya da kansu. Biyar ba mu da matsala da su. Ta huɗu, wadda ke dab da hannun, an kafa ta ne ƙarƙashin wani ƙarfe da tsuntsayen teku suka mayar masauki. Kashin tsuntsu in rana ta gasa shi yana fitar da irin warin kayanmu. Sai ta yi ta ihu a banza. Muka sa mata suna Maƙaryaciya.

Ihun banzan nan ba ƙaramin abu yake jawowa ba. In famfo ya tsaya, sai an yi awa uku ana duba komai kafin a tayar. Mu kuwa da rana muke lodi, don wutar rana ke tura kayan, ita ke riƙe sanyin tankuna. In lodi ya kai faɗuwar rana dole a kunna janareton dizal, hayaƙinsa kuma ya hau kan takardar nan, mai saye ya ɓata rai. Shugaban aikinmu, wanda muke kira Agogo saboda bai iya magana ba sai ya dubi tsintsiyar hannunsa, ya rubuta sama sau uku a zo a sa raga a kori tsuntsayen. Kullum amsar ita ce ana nan ana dubawa.

Wata rana da ta yi kuka sau biyu kafin azahar, na cire safar roba daga hannuna na hau matakala uku na sa mata a ka. Shiru. Ni na yi, ba wani ba. Agogo ya kalli safar, ya kalli agogonsa, ya juya. Daga ranar ta zama doka: in za a fara lodi a sa mata hula, in masu duba aiki za su zo a cire.

Abin da ya ba mu ƙarfin gwiwa hancina ne. Kowa a gadar yana jin wari, ai wurin ba ya rabuwa da shi, amma ni kaɗai nake raba na tsuntsu da na kaya. Na tsuntsu yana da ɗumi da ƙarni, yana zama a hanci. Na kaya sanyi ne da kaifi, kamar allura ta bi ta tsakanin ido. Sau bakwai ina kama yoyo kafin kowace na'ura ta farka. Don haka kowace safiya sai in taka gadar daga farko zuwa ƙarshe ina shaƙa, in na dawo in ce, “Iska lafiya.” Da jin haka sai kowa ya cire takunkumin numfashi daga wuyansa ya rataye a ƙarfen gefe, don zafi ba ya barin mutum ya yi awa takwas da roba a ƙirji. Doka ta ce ya zauna a jikinka. Mu muna da abin da ya fi doka.

Sai mura ta kama ni, da zazzaɓi, kwana biyar a kwance. Ranar da na koma aiki na taka gadar kamar kullum, na tsaya ƙarƙashin ƙarfen tsuntsayen na ja iska. Ba komai. Na sake ja har ƙirjina ya yi zafi. Ba ƙarnin teku, ba kashi, ba man inji, ba zufar rigata. Kamar an rufe wata ƙofa a cikin kaina an tafi da makulli. Na waiwaya, mutum takwas suna jira, hannunsu a kan igiyar takunkumi.

Na ce musu iska lafiya.

Zan faɗi dalilin ba tare da kwana-kwana ba. Shekarata hamsin da biyu. Ban iya karanta abin da ke fitowa a allon kwamfuta ba. Yaran da ake ɗauka yanzu da takardu suke zuwa. In aka cire hanci, ni ɗan dako ne mai furfura. Na gaya wa kaina ragowar mura ce, kwana biyu zai buɗe.

Bai buɗe ba. Na sayi maganin ɗigawa a kemis, na yi turaren ruwan zafi da tawul a ka, na daka tafarnuwa na cusa. Ina zagayawa bayan gida in buɗe galan ɗin kananzir in sa hanci, kamar ruwan famfo. Abinci ya koma kamar ina tauna tsumma, amma ina cinyewa in yaba, kada a gane.

A gada kuwa na koyi satar amsa. Ina kallon ƙudaje, in suna nan na ce da sauƙi. Ina kallon tsuntsaye ko za su tashi. Ina kallon idon Auta ko ya yi ja. Na daina rataye takunkumina, na bar shi a ƙirji, har wani mai surutu a cikinmu da muke kira Bakin Ganga ya ce tsufa ya zo wa Hanci da son kwalliya, ya samu sarƙa. Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ƙirga takun da ke tsakanin inda Auta ke tsayawa da inda yake rataye nasa. Goma sha tara. Kowace rana sai na sake ƙirgawa, ko zai ragu. Sau biyu na ce masa ya riƙa barin abin a wuyansa. Ya ce yaushe Yaya ya koma mai wa'azi, ai in iska ta ɓaci shi zai fara ji daga bakina.

Sati uku a haka, jirgi huɗu. In aka gama lodi aka cire hannun, ƙafafuna su riƙa rawa, sai in ce gwiwa ce.

Maiɗakina ce ta kama ni. Da yamma ne, ta ɗora shinkafa ta ce in lura, za ta leƙa maƙwabta. Na zauna a bakin ƙofar kicin na ba tukunyar baya, ina gyaran fankar ɗaki. Ban san komai ba sai da ta faɗo gidan da gudu, mayafi a hannu. Kicin ya cika da hayaƙi, gindin tukunya ya zama gawayi. Ta ce tun daga tsallaken titi mutane ke tambayar gidan wa ke ci da wuta, ga sarkin hancin duniya zaune taku biyu da tukunya yana ɗaure sukurori.

Na ce hankalina ne ya tafi wani wuri. Ta buɗe tagogi, ta jiƙa tukunyar, ta shiga ɗaki. Can ta fito da 'yar kwalba a naɗe cikin ƙyalle, ta miƙo mini dab da fuska, ta ce wai ta manta wane turare ne wannan, in taya ta tunawa. Na shaƙa da kyau, na ce ai wanda na sayo mata ne bara. Ta kwance ƙyallen. Kananzir ne a kwalbar magani.

Ta zauna a kan bokiti, ta dube ni.

“Tun yaushe, Baban yara?”

“Tun murar nan.”

“Kuma kana zuwa kana ce musu lafiya.”

Na ce mata ba ta san aikin ba, akwai na'urori. Ta ce ta san aikin sarai, shekara biyu tana jin ina ba baƙi labarin hular Maƙaryaciya ina dariya. Ta tambaye ni waye ke tsayawa ƙarƙashin hannun. Ta san amsa, so take ta ji ta daga bakina. Na ce gobe babban jirgi ne, irin wanda ba a wasa da lokacinsa, a bar ni in fitar da shi, jibi da kaina zan sami Agogo.

“Sabo turken wawa ne,” in ji ta, “ku kuma ku tara ne a turke ɗaya. In jibi ta yi ba ka faɗa ba, zan sa takalmina in je in gaya wa matar Auta. Ita ta san yadda za ta yi da kai.”

Na ce ta yi abin da ta ga dama.

Jirgin ya fi duk wanda muka taɓa lodawa. Tsayinsa ya tare mana rabin sama. Iska kuma ranar ta mutu, tutar da ke nuna mana inda take kaɗawa ta lanƙwashe a jikin sandarta kamar wankin da aka manta. Wannan ita ce rana mafi muni a aikinmu, don abin da ya fito ba ya tafiya, nan yake kwanciya. Agogo ya ce lodin awa tara ne cif, rana kuma awa tara da rabi za ta ba mu, saboda haka ko fitsari mutum zai yi ya yi shi da sauri.

Na taka gadar. Na dawo. Na faɗi kalmomin nan biyu. Na ji ƙarar ƙugiyoyi takwas suna sauka a kan ƙarfe. Bakin Ganga ya hau ya sa wa Maƙaryaciya hularta, har da sara mata.

Famfuna suka tashi. Bututun ya fara yin fari da ƙanƙara kamar yadda ya saba, tun daga tudu har hannun. Na yi ta kai da kawo, ina kallon ƙudaje. Ƙarfe goma, sha ɗaya, sha biyu. Rana ta tsaya a tsakiyar ka, kashin tsuntsaye ya bushe ya yi fari a kan ƙarfe. Na fara gaya wa kaina wannan ma zai wuce.

Wajen ƙarfe ɗaya Auta ya ɗago mini hannu. Su uku ne a ƙarƙashin hannun, shi da Bakin Ganga da wani mai walda. Suna dariya.

“Yaya, zo ka raba mana gardama.”

Na je. Bakin Ganga ya ce shi ya ce na tsuntsu ne, Auta ya ce yau kamar ya fi kaifi, mai walda ya ce shi ba ruwansa, warin safar Bakin Ganga ya kashe masa hanci tun safe. Bakin Ganga ya ce Auta albasa ya ci, ga ido nan yana hawaye. Na duba. Idon na hagu ya yi ja, yana goge shi da bayan hannu. Zufa ma tana sa haka.

Suka zuba mini ido. Mutum uku masu hanci da rai, suna jin abin a cikin hancinsu, sun tsaya suna jiran hukuncin mataccen hanci. Kuma ni na koya musu haka. Shekara tara ina gaya musu ba su iya ba.

Na ɗaga kai na ja iska. Ba komai. Na sake. A gefen idona na ji wani ɗan yaji, amma gishirin zufa ma haka yake. Na kalli gaɓar hannun ta sama, inda yake juyawa. Ƙanƙarar wurin ta taru ta yi tsini tana reto kamar gemu. Kullum akwai ƙanƙara a wurin. Ta kai haka jiya? Ban sani ba. Ban taɓa kallonta ba, ban taɓa buƙata ba. Na nemi ƙuda ko ɗaya ban gani ba, amma da tsakar rana ƙudaje ma inuwa suke nema.

Rediyon da ke kafaɗata ya yi ƙara, Agogo yana tambayar taron me muke yi a nan, saura awa huɗu, kowa ya koma wurinsa.

“Na tsuntsu ne ko, Yaya?” in ji Auta. Yana murmushi. Ya riga ya fara juyawa zai koma kan mahaɗar.

Bakina ya buɗe zai ce e. Na ji kalmar ta hau harshena. Abin da ya tare ta ban sani ba, wataƙila yadda ya juya ne, irin juyawar da yake yi tun yana yaro in na ce masa kare ba ya cizo. Na wuce su, na hau matakala uku, na fizge safar.

Numfashi ɗaya shiru. Na biyu shiru. Har na fara godiya. Sai ta tsage da kuka.

Famfuna suka tsaya, bawul-bawul na bututun suka rufe da wani dum da ya girgiza gadar har tafin ƙafa. Agogo ya taho da gudu, hularsa a hannu, yana tambaya ko na haukace, ai na san tsuntsaye ne, na san abin da na jawo mana kuwa.

“Ban san ko tsuntsaye ba ne,” na ce. “Hancina ya mutu sati uku ke nan. Ba na jin komai. Ku sa takunkumi.”

Ba wanda ya motsa. Bakin Ganga ya yi wata 'yar dariya, yana jiran ƙarshen wasan. Auta ya kalle ni, murmushin bai gama barin fuskarsa ba. Na daka musu tsawa, sannan suka watse.

Sama da kanmu wani abu ya ce tas, kamar an karya busasshen kara. Gemun ƙanƙarar ya faɗo. Bayansa farin abu ya fito da ƙara irin ta taya in ta fashe, ya sauko ƙasa, ya kwanta a kan gadar, ya fara rarrafe. Bai tashi sama ba. Ya bi ta gefen da takunkuman suke rataye.

An koya mana ka sa naka kafin ka taimaki wani, gawa ba ta jan gawa. Na sa nawa. Igiyar ta kama kunnena, na ja ta da ƙarfi har ya tsage. Ta cikin gilashin na ga sauran sun gudu ta ɗaya gefen. Auta kuwa ya nufi takunkuminsa. Taku goma sha tara. Na ga ya yi kamar goma sha biyu, hazon ya rufe shi zuwa ƙirji, ya kai hannu biyu fuska, ya durƙusa, ban ƙara ganinsa ba.

Na shiga. Ciki ba a ganin ko tafin hannu. Wuyana da hamatata, duk inda zufa take, suka kama da wuta. Ina lalube da ƙafa ina kiran sunansa a cikin roba, inda ba mai ji sai ni. Na taka wani abu mai laushi. Na kama kwalar rigarsa na ja da baya, ban san ko daidai nake ja ba ko cikin teku zan kai mu. Yana da nauyi, ƙanena, ban taɓa sanin ya yi nauyi haka ba. Sai ruwa ya sauko mana kamar an ɓalle sama. Mutanen jirgin ne suka buɗe manyan tiyo suna dukan hazon.

Akwai shawa ta gaggawa a tsakiyar gadar. Na jefa shi ƙarƙashinta na taka fedar. Dokar ita ce minti goma sha biyar, ido a buɗe. Mutumin da amoniya ta shiga idonsa ba ya buɗe shi ko za a yanka shi. Na danne ƙirjinsa da gwiwa, na sa yatsu na buɗe fatar idon da ƙarfi, Bakin Ganga ya riƙe masa hannuwa yana kuka ba surutu. Auta yana tari kamar zai amayar da huhunsa, yana shure-shure, tsakanin tari yana kiran Inna, wadda ta rasu shekara goma sha shida. Ya cije ni a hannu har ƙashi. Agogo ya tsaya a kanmu yana ƙirga mintuna da ƙarfi. Ranar ce kaɗai na gode wa agogon nan.

Kwana goma sha biyu ya yi a asibiti. Idon dama ya tsira. Na hagu ya yi fari-fari, yana ganin haske da inuwa kawai. Muryarsa ta dushe, likita ya ce wataƙila ta dawo.

An zauna bincike a wani ɗaki mai sanyi. Injiniya ta ajiye safar a tsakiyar tebur ta tambayi wa ya fara. Na ce ni. Ta tambayi wa ya sani, Agogo ya ce kowa. Ta ce robar gaɓar ta daɗe da tsagewa. Rufewar bawul ce ta ƙarasa ta, amma ko ba a taɓa komai ba da ba za ta kai la'asar ba, kuma da ta fashe famfuna na turawa, ba abin da ke cikin hannun kaɗai zai fito ba, da har mutanen jirgin sai an kwashe. Na ɗauka za ta yaba mini ne ko ta zage ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce ita ma shekara biyu tana ganin ta huɗu ba ta motsi a allonta duk ranar lodi, ta ji daɗin shirun, ba ta tambaya ba.

Jirgin ya tafi da rabin kaya. Janareto ya yi kwana uku yana hayaƙi don riƙe sanyin tankuna, takardar wannan lodin ta ɓaci. Ragar da aka shekara biyu ana dubawa, cikin kwana huɗu aka kafa ta. Aka ɗauke Agogo daga gadar. Ni ma aka cire ni daga lodi.

Da aka sallamo Auta na je gidansa. Matarsa ta buɗe ƙofa, ta amsa gaisuwata a taƙaice, ba ta kawo mini ruwa ba. Yana zaune a falo an rufe labule, da auduga a ido ɗaya, 'yarsa ƙarama tana wasa da yatsun ƙafarsa. Na zauna. Sannan ya tambaye ni, da wannan muryar kamar ana jan buhu a siminti, jirgi nawa muka loda a haka. Na ce huɗu, wannan na biyar. Ya gyaɗa kai.

“Tun ƙarfe goma na ji shi, Yaya,” ya ce. “Na san ba na tsuntsu ba ne. Sau uku ina kallon takunkumina. Sai in ce a raina, in da wani abu da Yaya ya faɗa.”

Ya ce wa yarinyar ta je ta kawo wa Baba Babba ruwa. Ta kawo, na sha. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan a kan maganar, har yau.

Ya koma aiki, a sito, yana ba da kayan gyara. Ba a barin mai ido ɗaya a ƙarƙashin hannu. Ni kuma ba su kore ni ba. Tsuntsaye ba su san raga ba, sun koma ƙarfen gaba, wasu ma a kan ragar suke kwana. Dole wani ya riƙa kankare kashin kowace safiya kafin rana ta gasa shi, kuma duk wanda aka ba aikin kwana biyu yake yi ya ce amai ya hana shi. Ni ba na jin komai. Aka ba ni buroshi da tiyo da bokiti.

Ba wanda ke ce mini Hanci yanzu. Sababbin yaran Baba suke cewa. Maiɗakina takan miƙo mini wani abu a ƙyalle da safe, lemo ko sabulu ko kananzir, in girgiza kai, ta mayar. Maƙaryaciya tana nan a wurinta, kanta a buɗe. Duk da wankina takan yi kuka wani lokaci, sau ɗaya a wata ko biyu. Ina jin ta nake yar da buroshi, in ja takunkumi, in dubi tuta, in ruga da wannan gwiwar tawa. Kullum ni nake fara isa ɗaya ƙarshen gadar, nesa da hannun. Yaran sukan iso bayana suna haki suna dariya, su ce Baba ai tsuntsaye ne. Ni dai ba na cire robar daga fuskata sai Injiniya ta faɗa ta rediyo, ko da za a kai awa uku.